Hysteria: Faifan da Aka Haɗa Tsirkiya Bayan Tsirkiya

Duk wanda ya ga hoton 'yan ƙungiyar Def Leppard a shekarun 1980, da dogon gashi da yagaggen wando, zai ɗauka samari ne da suka shiga ɗaki suka yi ta kiɗa har tsakar dare, aka naɗa, aka kai kasuwa. Salon nasu, wanda Turawa ke kira glam metal, kiɗan rok ne mai ƙarar jita da amshi mai saurin kama baki, kuma an fi sanin masu yinsa da ado da shagali. Amma faifansu Hysteria, wanda ya fito a watan Agustan 1987, ya ci wa waɗannan 'yan garin Sheffield na Ingila fiye da shekara uku suna aiki a sutudiyo, a Holand da Dublin da Paris.

Madugun aikin shi ne furodusa Mutt Lange, haifaffen ƙasar da ake kira Zambiya a yau. Burinsa a fili yake: yana son faifan da kowace waƙa a cikinsa za ta iya tsayawa da ƙafarta a rediyo, kamar Thriller na Michael Jackson.

A fara da jita. Jita tana da tsirkiya shida, kuma makaɗi kan share da yawa a bugu ɗaya don su yi amo tare. Kunnen Lange ya ji abin da namu ba ya ji: hannu ba ya taɓa su a lokaci guda, sai dai ɗaya bayan ɗaya, kuma idan aka ƙara ƙarfin na'ura sai sautukan su cakuɗe. Saboda haka a wani sashe na waƙar da faifan ya ci sunanta, aka riƙa naɗar tsirkiya guda ita kaɗai. A buga, a saurara, a daidaita ɗaurinta, a sake. Idan ta zauna daidai, sai a koma ta biyu, a ɗora ta a kan ta farko. Da aka haɗa su, kowane sauti ya fito garau, ba wanda ya danne ɗan'uwansa. Aikin mai ɗinkin hula ke nan, zare bayan zare, ba a ganin zanen sai an gama. Makaɗan jitar ƙungiyar, Phil Collen da Steve Clark, kuma ba su dogara da manyan lasifikoki ba. Sun yi amfani da wata 'yar na'ura mai suna Rockman, wadda ke kai sautin jita kai tsaye zuwa teburin haɗa sauti, ba tare da amon ɗaki ya shiga ciki ba.

Amshin ya fi komai burge ni. Kana ji za ka rantse filin wasa ne cike da jama'a, alhali mutane kaɗan ne, har da Lange kansa, suke maimaita layi ɗaya sau da dama. Tef na wancan zamani layuka 24 gare shi, wato gurabe 24 na ajiye sauti daban-daban. Idan suka cika, sai injiniya ya auna ƙarfin kowace murya, ya tattara su a layi biyu, ya share sauran, a ci gaba da ɗorawa. Ana gamawa ba a iya ware su kuma. Kuskure ɗaya na numfashi ko na furta harafi, sai a koma farko. Mawaƙin da ke shiga sutudiyo da hantsi ya fito da azahar yana cewa a bar na'ura ta gyara, zai ƙaru idan ya san wannan.

Sai ganguna, waɗanda aka bari zuwa ƙarshe, saɓanin yadda aka saba. A ranar 31 ga Disamban 1984, mai gangarsu Rick Allen ya yi haɗarin mota ya rasa hannunsa na hagu. Abokansa ba su nemi wani ba. Kamfanin Simmons ya taya shi ƙera ganguna masu aiki da lantarki, da matakai a jere a ƙasa, ƙafar hagu ta koyi bugun da hannun hagu ke yi. A sutudiyo kuma an adana sautin ganga a cikin kwamfutar kiɗa ta Fairlight, aka riƙa jera kowane bugu a gurbinsa.

Kuɗi sun tafi sosai, har ta kai sai an sayar da kofi kusan miliyan 5 kafin a mayar da uwar kuɗi. A Birtaniya faifan ya hau matsayi na ɗaya nan take, amma a Amurka ya yi ta jan ƙafa. Waƙar Pour Some Sugar on Me ce, wadda aka ƙara a ƙurarren lokaci, ta buɗe masa kasuwa a 1988. Faifan ya kai na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka kusan shekara guda bayan fitowarsa, waƙar Love Bites ma ta kai na ɗaya. An fitar da waƙoƙi bakwai daga cikinsa ɗaiɗai, an sayar da kofi miliyan 12 a Amurka kaɗai, fiye da miliyan 20 a duniya.

Idan kana sana'ar sutudiyo, nemi faifan ka sa abin ji a kunne, ka bi jita ita kaɗai a zagaye na farko, amshi a na biyu, ganga a na uku.