Lambar Talla Ba Ita Ke Ɗaukar Kaya Ba

Idan ka taɓa kallon tallan a-kori-kura na Amurka, irin su Ford F-150, za ka ga lamba ɗaya ake ta nanatawa: nauyin da motar za ta iya ja. A ganina wannan lamba tana ruɗar masu saye, musamman masu son jan tirelar zama, wato ɗakin nan mai taya da Amurkawa ke yawon hutu da shi.

Akwai irin tirelar da ba a bayan bamba ake ɗaura ta ba. Wuyanta yana hawa cikin bodin motar, ya zauna kan faifan ƙarfe mai kama da kofaton doki, daidai saman tayoyin baya. Suna kiransa "taya ta biyar". Irinsa ne ke haɗa kan tirela da bodinta a hanyar Kano zuwa Legas. To, a nan motar ba ja kawai take yi ba, ɗauka ma take yi. Kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar yana sauka a kanta.

Mu yi lissafi da misali. A ce tirelarka kilo 5,000 ce da kayanta, talla kuma ya ce motarka na jan fiye da haka. Sai ka ce shi ke nan. Amma kashi 20 na 5,000 kilo 1,000 ne. Ƙara faifan kansa, a ce kilo 80, da mutum huɗu, kilo 300. Ka kai 1,380 ke nan. Yanzu buɗe ƙofar direba ka duba sitikar da ke jikin ginshiƙi, inda aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya. Idan 800 ka gani, ka zarce da kilo 580, alhali ba ka kai lambar tallan ba.

Kamfanonin za su ce ai ba ƙarya suka yi ba, kuma da gaskiyarsu. Akwai ƙa'idar gwaji mai suna SAE J2807, wadda ta haɗa da hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona cikin zafi. Ta rage cika bakin da ake yi a da. Sai dai gwajin yana ɗauka direba da fasinja ɗaya ne kawai a ciki, kowanne kilo 68. Wane magidanci ne ke tafiya hutu haka? Ga shi kuma lambar da ake tallatawa ta samfurin da ya fi ƙarfi ce, ba lallai ta wadda aka sayar maka ba. Duk wani abin ƙawa da aka ƙara wa mota, daga kason kayanta ake cire nauyinsa.

Injin zai ja fa, shi ya sa ba ka ganewa da wuri. Tayoyin baya ne ke ɗaukar zafi har su fashe, birki kuma ya ƙi tsayar da kai a gangara. Ƙara sifirin zai ɗaga bayan motar, amma ba ya canza iyakar da kamfani ya rubuta.

Don haka kafin ka saya, fara da sitikar ƙofa. Bayan ka haɗa, loda komai da kowa ka hau sikelin manyan motoci, ka gwada nauyin tayoyin baya da iyakarsu.