Wasan da Ba a Cin Aboki: Nazarin Gem Ɗin Haɗin Gwiwa Daga Zaman Samarin Shisha

Unguwar Shisha tana tsakanin Harami da Mina, maƙwabciyar Aziziyya. Alhazai sun san ta da dogayen benayen masauki, da asibitin Sarki Faisal, da cunkoson ranakun jifa. Amma aikin Hajji kwanaki ne ƙidayayyu. Da zarar baƙi sun watse sai unguwa ta koma hannun masu ita, rayuwa ta koma irin ta sauran unguwannin Makka. Rana takan kora kowa ɗaki, domin zafin bazara a nan yakan haura maki 40, sai bayan isha'i gari ya farfaɗo. A lokacin ne samari ke haɗuwa a falon ɗayansu, a baje a kan kafet, a dafa shayi, a ɗauko kartar balot ko allon kerem, ko kuma a kunna PlayStation.

Cikin masu irin wannan zama a Makka har da jikokin Hausawa. Mutanenmu sun daɗe a garin. Ayarin masu nufo gabas a ƙasa ya ƙaru bayan Turawa sun ci Sakkwato da kuma yaƙin Burmi a 1903. Wasu suka yada zango a Sudan, wasu suka ƙetare Bahar Maliya ba su koma ba. Daga nan aka samu sunan Hausawi da ake gani a bayan rigunan 'yan ƙwallo. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kambun kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne. To, inda ƙwallo ta shiga jini haka, da wuya a kunna na'ura ba a fara da ita ba. Haka abin yake a gidajen gem na Kano da Zariya da Maraɗi: mutum biyu, kowa da ƙungiyarsa, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba.

Wannan doka tana da daɗi, amma tana da illa. Gwani shi ke daɗewa a zaune, mai koyo kuwa ya taɓa na minti biyar ya koma ɗan kallo. In abokai biyu ne kawai a ɗaki, ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, kafin a je ko'ina wasan ya gundure su duka. A nan ne wani salo na daban yake da abin cewa, wato gem ɗin haɗin gwiwa, wanda mutum biyu ke zama ɓangare guda, su ci tare ko a ci su tare. Abin da nake son nunawa shi ne, a wannan salo ma'auni ɗaya ya fi sauran nauyi: shin wasan ya ba wa mai rauni a cikin biyun aikin da in bai yi shi ba tafiya za ta tsaya?

Inda salon ya faro

Tun zamanin manyan na'urorin da ake jefa wa kwabo aka fara. A 1985 kamfanin Atari ya fitar da Gauntlet, inda mutum huɗu ke shiga kurkukun dodanni lokaci guda, kowanne da irin ƙarfinsa. A 1987 aka samu Double Dragon da Contra daga Japan. Contra ya shiga na'urar gida ta Nintendo a 1988, daga nan ya iso hannun yaran Najeriya da na ƙasashen Larabawa ta hanyar na'urorin kwaikwayo masu araha da suka cika kasuwa a shekarun 1990. Da yawa daga iyayen samarin yau a kansa suka fara sanin daɗin zama gefen aboki ana harbi fuska ɗaya.

Sai dai haɗin gwiwar wancan zamani rabi da rabi ce. A Contra, in rayukanka suka ƙare kana iya ɗaukar na abokinka, kuma a matakin hawan dutsen da ruwa ke zubowa, in na gaba ya yi sauri sai allo ya bar na baya ya mutu. A Double Dragon, bayan 'yan'uwa biyu, Billy da Jimmy, sun gama da bos ɗin ƙarshe, sai wasan ya juya su daki juna. Masu ƙirar ba su riga sun yarda mutum biyu za su gamsu ba tare da an fitar da gwani a tsakaninsu ba.

Salo uku na raba aiki

Na farko shi ne kafaɗa da kafaɗa, inda kowa ke yin abu iri ɗaya. Contra da Streets of Rage 2 na Sega, wanda ya fito a 1992, duk nan suke. Haka ma Cuphead na 2017, mai zane irin na tsofaffin majigin yara. Wannan salo yana da sauƙin fahimta, kuma in ƙarfi ya zo ɗaya babu kamarsa. In kuwa bai zo ɗaya ba, gwani ne zai yi aikin, ɗayan yana bin sa a baya. Cuphead ya yi ƙoƙarin gyara, domin in ɗaya ya faɗi abokinsa na iya farfaɗo da shi kafin kurwarsa ta fice daga allo, amma wahalar wasan ta yi wa sabon shiga yawa.

Na biyu shi ne wa da ƙane. A Sonic 2 na 1992, mai hannu na biyu yana sarrafa Tails, wanda ko ya faɗa rami zai sake dawowa ba tare da an rasa komai ba. A Super Mario Odyssey na 2017, na biyu hular Mario yake juyawa. Jerin wasannin Lego, tun daga Lego Star Wars na 2005, sun bar mutum ya shiga ya fita lokacin da ya ga dama. Ga uba da ɗansa ɗan shekara biyar, ko yaya da ƙanwarta, wannan alheri ne. Ga abokai sa'annin juna kuwa, na biyu zai gane da wuri cewa ko ya ajiye hannun babu abin da zai canja, kuma babu baligin da ke son a riƙa lallaɓa shi.

Na uku shi ne rabon aiki na gaskiya, kuma a ganina nan ne salon ya cika. Tsarinsa irin na gayya ne: akwai masu riƙe da garma, akwai makaɗi, akwai masu kawo fura da ruwa, aikin kowa daban, amma in ɗaya ya janye sai a ji a gona. Portal 2 na kamfanin Valve, wanda ya fito a 2011, ya ba mutum-mutumi biyu ikon buɗe ƙofofi a jikin bango, kuma an gina ɗakunan ta yadda ƙofofin mutum ɗaya ba za su isa ba. Overcooked, wanda wani ƙaramin kamfani na mutum biyu a Ingila ya fitar a 2016, ya kai batun kicin. Wani na yanka albasa, wani na duba tukunya kada ta kama, wani na wanke faranti, masu jiran abinci kuma ba su da haƙuri. Sannan a ɗora kicin ɗin a kan jirgin ruwa mai tangaɗi, ko a raba shi a bayan manyan motoci biyu da ke gudu. Maɓallan da ake dannawa ba su da yawa, don haka saurin yatsa ba ya fitar da kowa. Magana ce ke fitarwa: miƙo min, na ɗauka, bar wannan, tukunya ta ƙone. Wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba yana iya zama shi ne mai tsara kicin ɗin.

Wanda ya fi kowa tsayawa a kan wannan hanya shi ne Josef Fares, haifaffen Beirut da ya girma a Suwidin, mai kamfanin Hazelight. Wasannin kamfanin uku, A Way Out na 2018, It Takes Two na 2021 da Split Fiction na 2025, ba a yin su da mutum ɗaya ko kaɗan. A It Takes Two, miji da mata ne da ke shirin rabuwa, Cody da May, suka rikiɗe suka koma 'yan tsana. A wani mataki shi ke da ƙusoshi ita ke da guduma: sai ya kafa ƙusa a bango kafin ta samu abin lilo ta ƙetare, sai ta fasa abin da ya tare hanya kafin ya wuce. A mataki na gaba shi ke fesa ƙaro ita ke kunna masa wuta. Kowane babi da sabon kayan aiki, don haka babu wanda ke daɗewa yana taƙama da ƙwarewa, dukansu 'yan koyo ne a kowace sa'a. Wasan ya lashe kyautar gwarzon gem na shekarar 2021, kuma zuwa 2024 an sayar da fiye da kwafi miliyan 20.

A gefen waɗannan akwai irin su Minecraft, da ake raba allo har gida huɗu, babu ci babu faɗuwa sai gini da haƙa. Suna dacewa da abokan da hira ce ta tara su.

Abin dubawa kafin a saya

Farko a dubi abokin, sannan a dubi wasan. In sa'o'in juna ne wajen iyawa, salon kafaɗa da kafaɗa zai yi. In tazara ta yi yawa, a nemi mai rabon aiki. In yaro ne ƙarami, a ba shi matsayin ƙane har hannunsa ya faɗa.

Sai lokaci. A garin da kiran salla ke tsara yini, wasan da ake iya dakatarwa ya fi wanda ba a iyawa. Wasan da ake yi a ɗaki ɗaya maɓalli guda ke tsayar da shi, amma karawar intanet da baƙi ba ta jiran kowa, kuma ta nan ne jam'i ke kuɓuce wa samari. Zagaye ɗaya na Overcooked mintoci kaɗan ne, It Takes Two kuwa tafiya ce ta fiye da sa'o'i goma, sai abokin da za a riƙa samu dare bayan dare.

Sai abin da ke cikin labarin, wanda zane mai kyau kan ɓoye. A ma'aunin shekaru na Turai, Overcooked na 'yan shekara 3 ne zuwa sama, It Takes Two na 12, A Way Out kuwa na 18, domin labarin fursunoni ne da harbi da zagi. Lambar ma ba ta faɗin komai da komai. Cuphead yana kama da na yara, alhali labarinsa na wasu ne da suka yi caca a gidan Shaiɗan suka faɗi. It Takes Two yana da wurin da iyayen suka yayyaga giwar wasan 'yarsu da gangan don su sa ta kuka, abin da zai iya tayar wa ƙaramin yaro hankali. Ya kamata babba ya san wannan kafin ya miƙa hannu.

Sai aljihu. Tun fitowar PlayStation 4 a 2013, yawancin wasannin intanet a na'urar sai da kuɗin rajista, kuma kowa sai ya mallaki na'urarsa da kwafinsa. Zama a falo ɗaya kuwa na'ura guda da hannu biyu sun ishe shi. Nintendo Switch, da ya fito a 2017, da hannayensa biyu yake zuwa. Hazelight kuma ya bar wanda ya sayi wasan ya gayyaci abokinsa na nesa ba tare da shi ma ya saya ba, abin da zai amfani ɗan Makka da ɗan'uwansa na Kano in intanet ta ba da haɗin kai.

Inda manyan kuɗi suka dosa

Saudiyya ta zuba dukiya a wannan harka. Musa'id Al-Dosari ya ɗauki kofin duniya na gem ɗin FIFA a Landan a 2018. A 2022 kamfanin Savvy, mallakar asusun zuba jarin gwamnati, ya sayi ESL da FACEIT, masu shirya gasa, a kan dala biliyan 1.5. A 2024 aka buɗe gasar cin kofin duniya ta wasannin gem a Riyad da kyaututtukan da suka haura dala miliyan 60. A Satumbar 2025 aka sanar da yarjejeniyar da wannan asusu da abokan hulɗarsa za su sayi kamfanin EA a kan dala biliyan 55, kuma EA shi ke yin gem ɗin ƙwallo na FC, shi ne kuma mai buga wasannin Hazelight.

Mafi yawan abin da ake gani a fili daga wannan dukiya gasa ce: dandamali, kofi, zakara. Dalilin a bayyane yake, gasa ce ke tara 'yan kallo da masu talla. Su ma manyan kamfanoni sun daɗe suna ja da baya daga raba allo, domin yana ninka wa na'ura aiki, kuma mutum biyu a kan kwafi ɗaya ragin ciniki ne. Gem ɗin Halo ya yi suna da wasan mutum biyu a talabijin ɗaya tun 2001, amma sabonsa da ya fito a 2015 babu wannan tsari. Cinikin It Takes Two ya nuna cewa masu son zama tare suna da yawa, kuma ya dace masu jarin Riyad su lura da hakan. Al'ummar da ta saba da balot, inda mutum biyu ke haɗa kai su kara da biyu, kowa yana karanta nufin abokinsa daga katin da ya jefa, ba baƙuwar wannan salo ba ce. Akwai labarai a Hijaz da ƙasar Hausa da za su ɗauki irin wannan gini, tun daga ayarin fatake har tafiyar Hajji a ƙasa, inda jagora da mai kula da guzuri ba wanda zai isa shi kaɗai.

Kafin a kai can, zaɓin yana hannun mai saye. Ko gem ɗin ƙwallon da ke cikin na'ura yana barin mutum biyu su riƙe ƙungiya ɗaya, ɗaya ya ba da ƙwallo ɗaya ya ruga, kuma gwada wannan ba ya cin ko riyal ɗaya. Wanda zai sayi sabo kuwa ya tambayi mai shago abu biyu: ana yin sa mutum biyu a talabijin ɗaya? Kuma in na biyu ya ajiye hannu, na farko zai iya wucewa? In amsar ta farko e ce, ta biyu a'a, to wannan wasa zai sa gwani ya koyi haƙuri da bayani, mai koyo kuma ya san ana buƙatarsa, kuma shi ya cancanci kuɗin.