Matsayin Muhalli a Fim: Darasi Daga Tokyo Zuwa Ƙasar Daura

A wannan tsokaci za mu duba matsayin muhalli a finafinan Hausa, ta hanyar kwatanta su da na Japan. Tun bayan fitowar fim ɗin zane na Makoto Shinkai mai suna Kimi no Na wa a 2016, masu kallo suke tattaki zuwa matakalar wurin ibadar Suga da ke unguwar Yotsuya a birnin Tokyo, inda labarin ya ƙare. Dalili kuwa shi ne, an zana wurin kamar yadda yake, har ya shiga sahun taurarin labarin.

To, ina namu? Tun da harkar ta kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, akasarin finafinanmu a falo da lambun otal ake ɗaukar su, wuraren da ba su da suna balle tarihi. Da wuya mai kallo a Dutsi ya ga duwatsun garinsu, ko rijiyar Kusugu, ko ƙofar fadar Daura. A ganinmu, wannan raunin fasaha ne, ba ƙarancin kuɗi kaɗai ba. Fim ɗin da ya ɓoye garinsa, wa zai ziyarci inda aka ɗauke shi?