Yadda Ake Zaunar da Fuskar Washington a Jikin Ƙyalle

A gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai wani ƙyalle da aka buga a Ingila wajejen 1785. George Washington ne tsaye a jikinsa, yana tuƙa keken da damisa biyu ke ja, Benjamin Franklin kuma yana daga gefe. A lokacin bai zama shugaban Amurka ba, sai a 1789. Masu buga ƙyalle na ƙasar da ya yaƙa ne suka buga shi don kasuwar Amurka, inda ake ɗinka labulen gado da shi. Ƙyallen ya haura shekara 200, amma har yau ana iya bin layukan zanen ɗaya bayan ɗaya.

A wancan zamanin, aikin daga farantin tagulla yake farawa, mai faɗin kusan yadi guda, dabarar da Francis Nixon ya fito da ita kusa da Dublin a 1752. Mai zane yakan riƙe wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki, ya tokare ƙotarsa a tafin hannu, ya riƙa tura shi yana yankar siraran layuka. Ba shi da launin da zai yi inuwa da shi. In yana son duhu a ƙarƙashin haɓa, sai ya matse layukan ya gitta su. In haske yake so a goshi, ya buɗa su. Kuma komai a juye yake zanawa, har rubutu, don ya fito daidai a ƙyalle. Dole kuma ƙarshen zanen ya haɗu da farkonsa, ta yadda in an sake bugawa a gaba ba za a ga mahaɗa ba. Mai ƙyuya ba ya kaiwa nan, domin zamewar hannu ɗaya takan ci aikin makonni.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba rini ake bugawa ba. Abin da ake shafa wa farantin maƙalin rini ne, wato sinadarin da zai kama launi daga baya: alif in ja ake so, ruwan ƙarfe in shunayya ko baƙi. Ana kaurara shi da ƙaro, wanda mafi yawansa daga bakin kogin Senegal jiragen Turawa ke ɗauko shi a lokacin. A cika layukan da shi, a goge saman farantin tas, a ɗora ƙyalle, a tura su tsakanin manyan gumagumai biyu masu juyawa. Matsin ne ke sa auduga ta tsotso abin da ke cikin layukan.

Sai a rataye ƙyallen wasu kwanaki ya sha iska. Daga nan a tsoma shi a ruwan ɗumi da aka dama da kashin shanu, wanda ke wanke ƙaron ya kuma kwashe rarar sinadarin don kada ta ɓata farin wuri. Bayan haka ne ake saka shi a tukunyar rini ta saiwar fuwwa, tsiro mai ba da jan launi. Wuta a hankali ake ƙara ta. Mai rinin, kamar gwanayen marinar Ƙofar Mata, da ido da hannu yake gane lokacin da rini ya kama. Inda duk sinadarin ya taɓa, launi ya zauna daram.

Sauran jikin ƙyallen yakan fito da ɗan ja-ja. Sai a dafa shi da dusa, a shimfiɗa a kan ciyawa, ana yayyafa ruwa rana na dukansa, har farin ya dawo. Da Washington ya rasu a Disamban 1799, da irin wannan farantin aka buga adiko na makoki, ɗauke da hotonsa da rubutun yabo, aka yi ta kai wa kasuwannin Amurka.