Jinjina ga Matan da Ke Dama Kunun Zaƙi a Limancin Kona

A cikin birnin Zazzau, kunun zaƙin da matan gidajen Limancin Kona ke damawa ya cancanci yabo, domin kowane gida da irin hannunsa. Ana jiƙa gero ko dawa, a markaɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a raba ƙullun gida biyu, a sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa, sannan a zuba ɗanyen da aka haɗa da dankalin Hausa a bari ya kwana kafin a tace. A wannan kwanan ne gwaninta take. Wata uwar gida tana son kununta da kauri da ƙamshin citta mai ratsa maƙogwaro, wata kuma ta fi son mai ɗan tsami, kuma 'ya'yanta mata a gindin murhu suke ɗaukar ma'aunin, da ido da harshe.

Masu suka suna cewa lemon kwalba ya fi tsafta, ɗanɗanonsa ba ya canzawa, kunu kuwa kwana ɗaya ko biyu ya lalace in babu firji. Maganar tsafta gaskiya ce, wajibi ne a kula da ruwa da gorunan da ake ɗurawa. Amma saurin tsamin nan shaida ce cewa ba a zuba masa sinadarin hana lalacewa ba, bambancin ɗanɗanon kuma shi ya sa mai saye ke tsallake gidaje uku ya nufi wanda ya saba. Da cinikin nan mata da yawa ke sayen sabulu da littattafan yara ba tare da sun bar gida ba. Wanda ya ratsa unguwar da rana, ya nemi na gida ya saya.