Fim ɗin ceton yaran Thailand, da abin da ya rage bai faɗa ba game da ruwan kogo

A yau za mu duba wani fim ne mai suna Thirteen Lives, wanda Ron Howard ya shirya a shekara ta 2022, kan yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya rutsa da su a kogon Tham Luang na ƙasar Thailand daga ranar 23 ga watan Yuni zuwa 10 ga Yulin 2018. Fim ne mai kyau, babu shakka. To amma idan muka auna shi da abin da masu shiga kogo na ƙasar Faransa suka daɗe da sani, sai mu ga akwai gyara.

Shi dai fim ɗin ya fi ba da ƙarfi ne ga gwanayen ninƙaya, musamman Rick Stanton da John Volanthen na Ingila, waɗanda suka gano yaran a ranar 2 ga Yuli. Mai kallo zai tashi da tunanin cewa hanyar tsira daga kogon da ya cika ita ce nutso. Alhali kuwa abin da ya fara ceton yaran nan shi ne sun hau wani tudu a cikin kogon, suka zauna, suka jira har kwana tara. Wannan zaman, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan labarin, kusan ba a nuna shi ba.

Me ya sa jira ya fi? Sai mun fahimci halin ruwan tukuna. Wani abin sha'awa shi ne a Hausa jam'in kogo da na kogi ɗaya ne, wato koguna, kuma a ƙarƙashin duwatsun farar ƙasa, irin waɗanda ake yin siminti da su a Kalambaina ta Sakkwato, hakan ba ya nesa da gaskiya. Ruwa ne ke cin dutsen sannu a hankali har ya yi hanyoyi masu haɗe da juna. Mutumin da ya kafa wannan ilmi a Faransa wani lauya ne a birnin Paris, Édouard-Alfred Martel, wanda ya kafa ƙungiyar masu binciken kogo a 1895. A zamaninsa ne, a shekarar 1901, gobara ta tashi a wata masana'antar barasa a garin Pontarlier, barasar ta malala cikin kogin Doubs, bayan kamar kwana biyu sai ga warinta a mafarin wani kogi dabam mai suna Loue. Ashe ta ƙarƙashin ƙasa suke haɗe.

Mutanen Maraɗi ba sa bukatar dogon bayani a nan. Gari na iya wayewa rana tsaf, amma gulbi ya kawo ruwa, domin an yi ruwan ne can wajen Katsina. Haka kogo yake, sai dai ya fi muni. Duk ruwan da ya sauka a kan dutsen yana bi ta tsaguna ya taru a hanya ɗaya. Da ya iso wurin da hanyar ta tsuke, sai ya kasa wucewa, ya koma baya yana hawa sama kamar kwatar da shara ta toshe. A kogon Luire da ke tsaunukan Vercors, kudu maso gabas da birnin Lyon, ruwa kan hau fiye da mita 400 har ya fito ta bakin kogon. Ke nan hanyar da ka bi da safe ƙafarka a bushe, da la'asar tana iya cika har rufi.

A birnin na Lyon ne hedkwatar tarayyar masu shiga kogo ta Faransa take, wadda ta kafa sashenta na ceto a 1977. Abin da suke koyarwa kuwa daga asara suka samo shi. A kogon Berger kusa da Grenoble, inda aka fara sauka fiye da mita 1000 a ƙarƙashin ƙasa a 1956, ambaliya ta hallaka mutum biyu a 1996. Ruwan can sanyi ne da shi ƙwarai, kuma idan ya ƙaru yana zubowa ne daidai inda igiyoyin hawa suke rataye. Wanda ya ce zai yi sauri ya hau, da ruwan zai yi karo. Sai ka kwatanta da kogon Vitarelles a yankin Lot, inda mutum bakwai suka maƙale a watan Nuwamban 1999. Ba su yi gardama da ruwan ba, sun riƙa tattalin abincinsu da fitilunsu, har aka haƙa rami daga sama. Bayan kwana goma dukkansu suka fito da rai.

Dole dai a yaba wa Howard a kan abu guda. Ya nuna masu aikin sa kai suna toshe ramukan saman dutsen suna karkatar da ruwan, da kuma manoman da suka yarda aka malala shi cikin gonakinsu na shinkafa. A nan ne kawai mai kallo zai gane cewa kogon da dutsen da ruwan sama duk abu ɗaya ne. Sai dai kash, an maida wannan ɓangare kamar ɗan hutu kafin a koma wa masu nutso.

Kuma ko nutson ma, kada mai sauraro ya ɗauka abin koyi ne. Sai da likita Richard Harris na Ostireliya ya yi wa yaran allurar barci kafin a fito da su ɗaya bayan ɗaya, domin an tabbatar wanda bai saba ba zai firgita a cikin ruwa mai duhu. Shi kuwa Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Thailand wanda ya ƙware a ninƙaya, a cikin wannan ruwan ya rasu ranar 6 ga Yuli, a kan hanyarsa ta dawowa daga kai tulunan iska.

To jama'a, a nan za mu dakata, sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.