Hawayen Dominique Dawes a Birnin Landan

Takoma Park wani ɗan gari ne a jihar Maryland, yana manne da birnin Washington ta arewa. Nan ne gidan iyayen Dominique Dawes, wadda aka haifa a 1976. Tana da shekara 6 aka kai ta koyon wasan nan na tsalle da alkafura a wurin wata malama, Kelli Hill. A 1994 ta cinye gasar Amurka kakaf, watau ta zo ta ɗaya a jimla, ta kuma zo ta ɗaya a kowane ɗaya daga cikin fannoni 4 na wasan. Sau 3 ta je wasannin Olimfik: Basalona a 1992, Atlanta a 1996, da Sidni a 2000. A Atlanta ita da 'yan'uwanta 6 suka ci wa Amurka lambar zinariya, ita kuma ta sami ta tagulla ta kanta, abin da wata baƙar mace Ba'amurkiya ba ta taɓa yi ba a wannan wasa.

Da ta bar fage sai ta koma ba da labarin wasanni. Ta yi wa Yahoo aiki a Bejin a 2008, ta yi wa Fox Sports a Landan a 2012. To, a Landan ɗin ne abin da ake gardama a kansa ya faru. Ran 2 ga Agusta wata yarinya mai shekara 16, Gabby Douglas, ta ci zinariyar jimlar fannoni, ita ce kuwa baƙar mace ta farko da ta ci. Aka juyo da kyamara wajen Dawes don ta yi bayani, sai hawaye suka zubo mata, magana tana sarƙewa.

Masu sukar irin wannan suna da hujja. A dandalin dambe na ƙasar Hausa kowa ya san bambancin makaɗi da mai rabon faɗa. Ɗan Anace yana wasa Shago, ba wanda ya ke jiran ya yi wa abokin karon Shago adalci, gama ba aikinsa ba ne. Amma mai ba da labari an ɗauke shi don ya zama idon wanda bai je ba. Kadan ya shiga kuka, wa zai gaya wa mai kallo yadda Viktoria Komova ta Rasha, wadda ta zo ta biyu, ta rasa zinariyar da ɗan ƙanƙanen rata?

Amma fa akwai abin da wannan hujja ta tsallake. Lambar da Douglas ta ci ita ce wadda ta kuɓuce wa Dawes a Atlanta shekara 16 kafin nan. Tana cikin na gaba-gaba, sai ta yi kuskure a wasan daɓe, ta fita daga iyakar fage, ta koma gefe tana kuka a gaban jama'ar ƙasarta. Saboda haka hawayen Landan su ma labari ne. Sun nuna wa mai kallo nauyin abin fiye da yadda lissafin maki zai nuna. Wanda bai taɓa tsayawa bisa katako mai faɗin inci 4 ba, ya iya karanta maki daidai, amma bai san abin da ke cikin zuciyar yarinyar da ke bisansa ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Inda rauni ya ke na gaske wani wuri ne dabam, kuma ba nata ne ita kaɗai ba. Tsofaffin 'yan wasa da suka koma sharhi sun shekara suna yabon juriyar 'yan mata, alhali kuwa akwai ɓarna a cikin gidan. Ba daga bakin masu sharhi aka ji ta ba. 'Yan jaridar Indianapolis Star ne suka tone ta a 2016, har aka ɗaure likitan ƙungiyar Amurka, Larry Nassar, wanda ya ci zarafin 'yan wasa masu yawa. Na ciki ya kan san zafin faɗuwa, amma sabo ya kan hana shi ganin abin da baƙo zai gani nan da nan.

Abin yabo ga Dawes shi ne ba ta tsaya nan ba. Ta fito fili ta yi maganar tsoro da tsangwama da ake renon 'yan wasa da su. A 2020 ta buɗe makarantar wasa ta yara a Clarksburg, cikin Maryland. A 2021, sa'ad da Simone Biles ta janye daga gasa a Tokiyo don lafiyar hankalinta, mutane da yawa suna zarginta, Dawes tana cikin waɗanda suka tsaya mata.

Wannan ya fi aikinta na Bejin da Landan daraja, gama a can ta faɗi abin da mai kallo ya ke so ya ji, a nan kuwa ta faɗi abin da ya ke ƙin ji.